Balamin da Muka Ba Ƙasa Biyu

Akwai abin da ko na tsufa tukuf, na kai ga manta inda na ajiye carbina, shi kam ba zai fita raina ba. Shekaru sun ɗan tura, amma har yau in ina tankaɗe ko tsinkar zogale ya faɗo mani, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi ta dariya ni kaɗai, har a leƙo daga maƙwabta a tambaya ko lafiya. Ba zan kama sunan kowa ba, na mutum ko na ƙasa, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wani ma darni ɗaya ne tsakanina da shi. Kuma ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai a yi haƙuri da yadda zan kawo zancen.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne, ba nisa da Gangara. A shekarun nan rediyo ba ta da zance sai na manyan ƙasashen duniya da ke zawarcin ƙasarmu. Maza in sun zauna gindin itacen bedi, kowa ya zama masani. Wani ya ce don arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa can arewa ne, wani ya ce a'a, don mu ne a tsakiyar hanya, wanda ya riƙe mu ya riƙe ƙofar hamada. Har an rabu gida biyu, wannan na bayan waccan ƙasa, wancan na bayan ɗayar, suna musu har jijiyar wuya ta tashi, alhali ba wanda ya taɓa wuce Maradi a cikinsu sai mutum uku. Mu mata kuwa namu zancen ɗaya ne: fanfon gari ya mutu, mun koma jan guga.

To a wannan lokacin ne nake kiwon wani rago, fari fat, balami. Ba nawa ba ne. Ɗana na fari ne ya saye shi yana ɗan ƙarami, ya damƙa mani igiyarsa ranar da zai tafi neman kuɗi arewa. Matarsa tana da cikin fari. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ga wannan, ko ban dawo ba in Allah ya sauke ta lafiya." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tanka ba, kun san kunyar ɗan fari. Amma na gane: ragon suna ne, kuma amana ce.

Na yi masa gata, ba yabon kai ba. Harawa, dusa, kowar wake, ɗan kanwa a ruwa. Ranar Juma'a in wanke shi da sabulu. Na ɗaura masa laya a jar fata saboda baki. Kafin watanni ya zama abin kallo, in ya tsaya kamar ɗan maraƙi. Taubashiyata, wadda bakinta ba ya shiru, duk sanda ta shigo sai ta ce, "Baiwata, wannan ragon ya fi mijinki samun kulawa. Shi ma Malam ki riƙa ba shi dusar nan ko ya yi kumari."

Yanzu bari in faɗi wata dabara ta garinmu. Al'ada ce in babban baƙo ya zo a ba shi rago. Amma Maigari, wanda yayan mijina ne, ya daɗe da gano wani abu game da baƙin da ke zuwa daga ƙetaren teku: ba su tafiya da rago. A miƙa masu igiya, su riƙe, su yi dariya, a ɗauki hoto, su ce an gode, su shiga mota su bar shi nan. Ina za su kai shi? Saboda haka in za a yi irin waɗannan baƙi, sai a duba ragon da ya fi kowane kyau a gari, a aro shi, a yi kyauta da shi da hantsi, kafin la'asar ya koma turkensa. An yi haka da mutanen porje, masu kawo ayyukan taimako, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gari ya fita kunya, mai rago bai yi asara ba.

Sai ga labari daga buro, wato ofishin magajin gari, cewa wakilan wata babbar ƙasa za su zo duba fanfonmu. Maigari ya aiko a kira ni. Tun da na koyi karatu yake ce mani Malama.

"Malama, balamin nan naki za mu ara. Wuni ɗaya."

Na ce, "Yaya, ka san na yaron nan ne."

"Na sani. Ai ba ci za su yi ba. Hoto ne kawai."

Yayan miji ne, kuma Maigari. Me zan ce? Na ce to.

Suka zo cikin fararen motoci, shi ya sa muka sa masu suna masu farar mota. Babbansu wani dogo ne siriri, mai tabarau. Aka yi guɗa, aka yi jawabi, mushen lakol, malamin makarantarmu, yana fassara. Aka kawo balami, an ɗaura masa sabon ƙyalle a wuya. Dogon nan ya ji daɗi ƙwarai, ya shafa shi, ya durƙusa gefensa aka yi ta ɗaukar hoto. Da zai tafi ya yi magana, mushe ya ce, "Ya ce a ajiye masa shi, zai dawo." Muka tafa. Ai duk haka suke cewa. Kafin a kira la'asar ragona yana gida yana tuƙa, ni kuwa ina ta yi masa kirari, ina cewa yau ka shiga duniya.

Ba a yi sati uku ba sai ga wani labarin: ɗaya ƙasar, abokiyar gabar ta farko, ta ji an zo mana, ita ma za ta turo nata wakilan. Maza suka ce ka ga abin da muke faɗa, ba a bar wa kowa fili. Maigari ya sake aikowa.

A lokacin matar ɗana ta shiga watanta, da ƙyar take tashi. Ina kwance igiya ta ce a hankali, "Inna, wannan yawon da ake yi da shi fa? Ni gabana faɗuwa yake."

Na yi dariya na ce, "Ke dai yarinya ce. Waɗannan mutane ko kaza ba su iya riƙewa."

Allah sarki. Da na san abin da ke tafe da na haɗiye wannan magana.

Ranar gari ya cika. An share fili gaban gidan Maigari, an shimfiɗa tabarmi, an kwaso kujerun lakol. Masu kalangu sun zo, an dama fura a sababbin ƙore. Mataimakin magajin gari ya iso da jandarma biyu. Da hantsi sai ga baƙaƙen motoci uku, manya, har da mai buɗaɗɗen baya. Babbansu gajere ne kakkaura, wuyansa kamar turmi, fuskarsa ta yi ja saboda rana. Yana da nasa tafinta, wani saurayi mai jin Hausa. Ya yi jawabi cewa su ba irin waɗancan ba ne masu alkawarin baka, su abokai ne na gaskiya. Muka rangaɗa guɗa. Mu dai duk wanda ya ambaci fanfo guɗa muke masa.

Aka jawo balami. Maigari ya gyara rawani ya miƙa igiya da hannu biyu.

Tun daga yadda gajeren nan ya karɓi igiyar na ji wani abu ya tsarga mani. Bai tsaya hoto ba. Ya naɗe igiyar a hannu sau biyu. Ya kama haɓar ragon ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Ya danna bayansa da tafin hannu, ya matsa cinya, ya ɗaga wutsiya. Taubashiyata ta mintsine ni ta ce, "Baiwata, kin shiga uku. Wannan uban nasa mahauci ne." Tafinta ya ce, "Ya ce shi ɗan makiyaya ne, a ƙauye ya tashi. Ya ce bai taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba. Gobe za su gasa shi, su ci da sunan garin nan."

Jama'a suka yi tafi, irin tafin da hannu ke yi ba da sanin zuciya ba. Sai na ga direba ya sauke ƙyauren bayan mota.

Na dubi Maigari. Shi kuma ya dubi sama, kamar mai neman hadari a tsakiyar rani. Na dubi mijina, ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Wa zai buɗe baki ya ce wa baƙo maido kyautar da aka ba ka? Ga jandarma, ga hukuma, ga fanfo da ake fata. Can bakin darni na hango matar ɗana ta fito ta jingina, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a baki.

An ɗaga ƙafafun gaban ragon ke nan za a cusa shi, sai muka ji ƙugin wasu motoci daga hanyar Gangara. Farare! Ashe masu farar mota sun samu labarin zuwan abokan hamayyarsu, suka ce su ma yau ne za su zo auna fanfo, ba sanarwa ba komai. Masu kalangu ba su san dawan garin ba, suka juya suka tarye su da kiɗa.

Dogon nan ya fito yana murmushi yana ɗaga hannu. Bai yi taku biyar ba ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya nuna bayan baƙar mota ya yi magana da ƙarfi. Mushen lakol ya ce, "Ranka ya daɗe, wai... wai ina za a kai ragonsa?"

Jama'a, ban san lokacin da dariya ta taso mani ba, ga hawaye a idona. Na toshe baki da mayafi.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce, "Mushe, gaya masa raguna kama suke yi. Wannan ƙanen wancan ne."

Dogo ya zaro salula ya shafa, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ga shi durƙushe, ga balami, ga jar laya a wuya ɓaro-ɓaro. Ya taka ya je ya kama layar da ke wuyan ragon ya nuna. Ɗaya daga cikin jandarmomin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Daga nan fa aka shiga abin da ban taɓa gani ba. Manyan mutane biyu, kowa da ƙasa guda a bayansa, sun tsaya a rana kan ragona. Ba zagi, ba ɗaga hannu, kowa yana murmushi, amma irin murmushin da haƙora kawai ke yi. Dogo ya kama ƙarshen igiya, gajere bai saki tsakiyarta ba. Dogo ya ce shi aka fara ba, kuma su abokan ƙasar nan ne tun kaka da kakanni. Gajere ya ce wanda ya bar abu ya tafi ai ya nuna ba ya so, kuma dama halinsu ke nan, su sa hannu a kan abu su ce nasu ne har abada. Dogo ya ce wasu kuma halinsu su shigo da rana tsaka su kwashi abin da suka tarar. Mushe yana fassara yana share gumi, yana rage wa maganar gishiri, tafintan gajere kuma yana mayar da gishirin da aka rage.

Mazan gindin bedi su ma suka rabu nan take. "Na farko ke da shi!" "Ina! Mai igiya a hannu ke da shi!" Har da masu jawo hujja daga littafi. Taubashiyata ta ce da ƙarfi, "Oh ni! Yau ga rago da ya fi 'yan matan garin nan farin jini!" Mata suka kwashe, wata har da zama a ƙasa. Shi kuwa gogan, ya samu ƙyallen wuyansa yana tauna abinsa.

Ni ma ina cikin dariyar, wallahi, kamar ba ni ba. Sai mataimakin magajin gari ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce shi ya samo maslaha, don kada a ɓata wa kowa. A yanka ragon yanzu, a raba shi biyu daidai, kowace ƙasa ta ɗauki rabi, kai da ƙafafu a bar wa gari.

Aka fassara. Dogo ya yi jim ya gyaɗa kai. Gajere ya ɗaga kafaɗa ya gyaɗa kai. Maigari ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Madalla da wannan hikima." Aka ce a kira sarkin fawa.

Nan dariyata ta ɗauke. Na duba filin nan kaf. An yi shawara, an yi sulhu, kowa ya samu rabonsa, har an yi wa gari alfarmar kai da ƙafa. Mutum ɗaya ne ba a tambaya ba.

Ni ba mai magana cikin taro ba ce. Ko a gida sai an ce in ƙara murya. Amma na ga sarkin fawa ya taho yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa, na tuna yaron nan da ya sunkuyar da kai ya miƙo mani igiya. Ban san me zan ce ba, sai na yi abin da na saba yi kullum da safe. Na ɗauki ƙwaryar fura da aka shanye, na ƙwanƙwasa gindinta da zobe, na yi ɗan kiran da nake masa in na kawo dusa.

Balami ya ɗaga kai. Ya yi wata irin zabura, igiya ta suɓuce daga hannun dogo, gajere da ya naɗe ta a hannu sai da ya biyo shi taku uku da gudu kafin ya warware. Ragon ya ratsa tsakanin kujeru, ya ture ta mataimakin magajin gari, ya zo ya cusa kai cikin ƙwaryata. Fili ya kaure da ihu.

Na riƙe igiya, na matsa gaba na durƙusa. Na yi magana, mushe ya ce, "Inna, ɗaga murya kaɗan." Na sake.

Na ce, "A gaya wa baƙinmu su yi haƙuri. Maigari ba shi da laifi, so ya yi ya girmama su da abin da ya fi kyau a gari. Laifin nawa ne da na ba da aron abin da ba nawa ba. Ragon nan ba na Maigari ba ne, ba na gari ba ne, ni ma kiwo aka ba ni. Mai shi bai iso duniya ba tukuna. Ga shi can." Na nuna bakin darni. Duk aka juya. Yarinyar nan kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, amma cikin ba ya rufuwa. Na ce, "Ubansa yana can nesa yana wahala. Ranar suna da wannan za a yanka masa. In an raba shi yau, ban san da wane ido zan dubi uban ba."

Aka fassara wa kowa da harshensa. Ragon kuwa yana ta lasar ƙwarya.

Gajere ne ya fara fashewa da dariya, har yana dukan cinya. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Ya ce a madadin ƙasarsa, ya ba wannan uwa kyautar ragon nan." Kafin a tafa dogo ya yi wuf ya shiga gaba. Mushe ya ce, "Shi kuma ya ce ba mai iya kyauta da abin da ba nasa ba. Tunda shi aka fara ba, ƙasarsa ce ta ba ki."

Wata sabuwa! Waɗanda ɗazu ke jayayyar wa zai ɗauka, yanzu sun koma jayayyar wa zai bayar. A ƙarshe sai da aka ba ni ragona sau biyu. Na miƙa wa dogo igiya, ya miƙo mani, aka ɗauki hoto. Na miƙa wa gajere, ya miƙo mani, aka ɗauki hoto. Kowane cikinsu sai da ya tabbata ɗayan bai fito a hotonsa ba.

Ina shirin sulalewa gida taubashiyata ta tare ni ta ce, "Ina za ki, baiwata? An yi maki kyauta har biyu, ba tukwici? Kada ki ja mana abin faɗa a idon duniya." Gaskiya ta faɗa, kyauta ba ta tafiya haka nan. Na shiga ɗaki na kwaso ƙwan zabin da nake tarawa, na raba a ƙwarya biyu, ina lura kada wata ta fi wata ko da ɗaya, don na riga na ga halinsu. Haka na biya tukwicin ragona da kaina, har sau biyu.

Maigari ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata da kyau. A na biyar ya shigo da kansa, ya tsaya bakin turke ya daɗe yana kallon ragon, sannan ya ce, "Malama, ashe kina da murya." Daga ranar ba a sake aron ragon kowa a garinmu ba. Fanfo kuwa, kowane ɓangare ya aiko an kafa allonsa tun ba a taɓa ko ƙusa ɗaya ba, alluna biyu suna harar juna. Sai da damina ta wuce kafin ruwa ya zubo, kuma har yau mazan gindin bedi ba su daidaita kan wanda ya gyara ba.

Kwana tara bayan wannan taro yarinyar nan ta sauka, aka samu ɗiya mace. Uban bai samu zuwa ba. Ranar suna aka kira shi a salula, aka kanga ta kusa da ragon ya ji kabbarar yanka da kunnensa. Gari kaf aka ci, ana ci ana dariya, kowa na cewa a ƙara masa tsokar ƙasa kaza.

Abin da na koya shi ne: manya in suna takara a kan abinka, ba ƙin ka suke ba, ba kuma son ka suke ba, juna suke kallo. Za su iya yin sulhu mai kyau, kowa ya tafi da rabinsa yana murna, ba wanda ya tuna akwai mai shi. Mu ma da namu laifin, mu muka miƙa igiya da hannu biyu muna cewa ai ba za su ɗauka ba. Don haka nake gaya wa 'ya'yana, abin da ba za ku iya rabuwa da shi ba kada ku miƙa wa kowa ko da wasa. In kuwa har ya kai hannunsu, to ku buɗe baki tun wuƙa ba ta sauka ba, ko da muryarku ba ta fi tawa ba.